Iya aiki daban, iya riƙon wurin aiki daban: a ci gaba da horar da masu gyaran gaɓoɓi

 Yau ina roƙon ku mu ɗan ajiye maganar farashin buhun hatsi da kuɗin duwan, mu taɓo wata magana wadda a ido kamar ba ta shafe mu ba, alhali kuwa tana cinye jarin mutane da yawa ba tare da an lura ba. Maganar ita ce ta ma'aikatan asibiti masu gyaran gaɓoɓi, da irin horon da ya kamata a riƙa ba su a kai a kai domin su iya riƙon wuraren aikinsu.

Waɗanda nake nufi kun san su. Akwai wanda muke kira kine, mai motsa gaɓoɓi da gashi da koya wa mutum tafiya bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki. Akwai masu ƙera ƙafar roba da takalmin ƙarfe da gyaran keken guragu. Akwai kuma masu koya wa mutum magana idan harshe ya karye, da masu koya masa cin abinci da sa tufafi da hannu guda. Aikinsu yana farawa ne daga inda na likita ya tsaya. Likita ya ceto rai da ikon Allah, su kuma su maida mutum bakin sana'arsa. To, duk wanda ya san cewa ɗan tebur ko mai koko ba su da albashi a ƙarshen wata, ya san cewa wannan aiki na biyu bai fi na farko ƙanƙanta ba.

Abin da na gani da idona

Yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta shafe shekaru tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da wannan sana'a ta aurar da ƴaƴa, da ita take zubin adashe. Wata safiya hawan jini ya kayar da ita, ɓarin dama ya shanye. Bayan ta fito daga asibiti aka ce mu riƙa kai ta wurin kine sau uku a mako. Ba zan faɗi sunan wurin ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba.

Matashin da ya fara duba ta ya san aikinsa, hannunsa yana da albarka. Amma ga yadda wurin yake tafiya. Kowa da kowa an ce masa ya zo da sassafe, sai ka tarar da mutane sun cika baranda, wanda ya zo da hantsi ya riga wanda ya zo da asuba shiga, saboda babu lamba babu layi. Wata rana mu ɗauki taksi mu je, sai a ce ai kine ya tafi taro Yamai, kuma ba wanda ya sanar da mu. Wata rana a nemi takardar Inna a rasa, wani ma'aikaci daban ya karɓe ta ya sake tambayar mu labari tun daga farko. Abin da ya fi ba ni haushi daga baya shi ne, ba a taɓa zaunar da ɗayanmu an koya mana abin da za mu riƙa yi mata a gida ba, alhali a gida take kwana take yini.

Ɗiyarta da ke raka ta ita ce ke tsare mata tebur. Kowace ranar asibiti tebur a rufe yake. Ga kuɗin mota, ga ciniki ya tsaya, ga masu saye sun fara komawa wurin wasu. Da aka yi wata biyu haka sai gida ya gaji, aka ce a bar wa Allah. Yau Inna tana jan ƙafa tana zagaya tsakar gida, amma hannun ya ƙage, yatsu sun dunƙule, ba ta sake murza ƙuli ba.

Bayan kamar shekara biyu, ɗan maƙwabcinmu mai kabu-kabu ya yi hatsari, ƙashin cinya ya karye, na raka shi wannan wurin dai. Ɗakin bai canza ba, gadajen su ne na da, ma'aikatan ma kusan su ne. Amma sai na tarar an ba kowane majinyaci ɗan kati mai ɗauke da rana da awa. An rubuta lambar wayarmu. An ware rabin yini guda a mako don koya wa masu jinya yadda ake juya marar lafiya da motsa masa gaɓoɓi. Da na tambayi abin da ya faru, sai aka ce mani wata ma'aikaciya ce aka ba riƙon sashen, kuma ta samu horo kan tafiyar da aiki, akwai wani babba da ke bibiyar ta lokaci zuwa lokaci. Yaron ya gama jinyarsa ya koma kan babur. Tun ran nan nake tambayar kaina: da wannan horo ya zo shekara biyu kafin nan, yaya hannun Inna zai kasance?

Darasin da kasuwa ta riga ta sani

Ku ƴan kasuwa ba sai an yi muku dogon bayani ba. Yaron shago zai iya sanin atamfa da shadda fiye da maigidansa, ya shafa yadi ido rufe ya gaya maka asalinsa. Amma ran da aka bar masa shago, sai a ga bashi ya yi yawa a waje, kayan da ake nema sun ƙare, waɗanda ba a nema sun cika kanta. Shi ya sa maigida na ƙwarai ba ya sallamar yaronsa da jari sai ya zaunar da shi shekaru yana koya masa lissafi, da lokacin saro kaya, da wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri. Sanin kaya ilimi ne, riƙon shago wani ilimin ne daban.

Ku kuma iyayenmu mata kuna da misali a hannunku. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Ba jari aka raba wa mata ba. An koya musu yadda za su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, yadda za a rufe akwati da kwaɗo uku a raba makullai hannun mata uku, yadda za a ci tarar mai latti, da yadda za a raba kuɗi a ƙarshen zagaye kowa yana kallo. Wannan tsari da aka haifa a ƙasarmu ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Matan sun iya sana'a tun kafin 1991. Abin da aka ƙara musu shi ne iya riƙon ƙungiya, kuma shi ya sa asusun ya rayu bayan masu koyarwa sun tafi.

To haka abin yake a asibiti. Kine ko mai ƙera ƙafar roba ya shafe shekaru a makaranta yana koyon ƙashi da jijiya da tsoka. Da yawa daga cikin na ƙasashen da ke amfani da Faransanci a Lome ko Kwatano suka yi karatu, garuruwan da ku ma kuka sani ta hanyar tashar jirgin ruwa. Ya dawo ya yi aiki shekara biyar ko goma, sai ran nan a kira shi ofis a ce daga yau kai ne shugaban sashe, saboda kawai ya fi saura daɗewa. Daga wannan rana ana jiran ya tsara lokacin aiki, ya lissafa kayan da za a saya, ya sasanta ma'aikata, ya rubuta rahoto, ya tsaya gaban darakta ya kare kasafin kuɗin sashensa. A wace makaranta aka koya masa wannan? An ba yaron shago makulli ba a koya masa lissafi ba, sa'an nan in shago ya karye a ce laifinsa ne.

Abin da horon ke canzawa

Na farko shi ne lokaci. Masana sun tabbatar cewa wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya fi samun sauƙi a cikin watanni 3 zuwa 6 na farko. Gaɓar da aka bari ba a motsa ta takan ƙage, kuma in ta ƙage maido ta sai an sha wuya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka duk makon da aka ɓata wajen jiran layi, ko saboda ma'aikaci ya yi tafiya ba wanda ya maye gurbinsa, asara ce da ba ta dawowa. Shugaban da ya koyi tsara aiki zai raba mutane awa-awa, ya sa sababbin kamu a gaba, ya haɗa masu ciwo iri ɗaya su yi motsa jiki tare, ya kuma koya wa dangi abin da za su ci gaba da yi a gida. Wannan bai buƙatar sabon gini ko sabuwar na'ura.

Na biyu shi ne kaya. Ƙafar roba ba a sayo ta a kanti kamar takalmi. Ana auna dungun mutum, a ɗauki siffarsa da filasta, a narka roba a ƙera masa tasa shi kaɗai. A watannin farko dungu yakan rame, sai an sake gyara. Yaro kuma yana girma, ƙafar da aka yi masa bana ba za ta shige shi baɗi ba. Roba da ƙarfe da maɗaurai yawancinsu daga waje suke zuwa, kuma tun 2023 da hanyar Kwatano ta samu cikas kun fi kowa sanin yadda kaya ke daɗewa a hanya. Ma'aikacin da bai koyi lissafin ajiya ba sai kaya sun ƙare yake rubuta takardar neman wasu. Mutum ya taso tun daga ƙauye, ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota, a ce masa babu roba ya dawo bayan wata uku. Wanda ya koya kuwa ya san abin da yake ci a wata, ya san tsawon lokacin da oda ke ɗauka, ya san iyakar da in kaya sun sauko gare ta dole a yi sabuwar oda. Mai kanti a kasuwar Dole ta Damagaram ya san wannan tun yana yaro.

Na uku shi ne bin sawun majinyaci. Ku ɗauki misalin jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa, tafin ya juya ciki. Akwai hanyar gyara wadda wani likita mai suna Ponseti ya fito da ita a Amurka, kuma ana yin ta a ƙasarmu, misali a asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a shekarar 2010. Kowane mako ana ɗan miƙe ƙafar a ɗaure ta da filasta, kamar sau 5 zuwa 8, galibi a yi ɗan ƙaramin yanka a jijiyar dunduniya, sa'an nan a sa wa yaro wasu takalma masu sanda a tsakani. Wata 3 na farko kusan dare da rana yake sanye da su, daga nan sai lokacin barci har ya kai shekara 4 ko 5. In uwa ta gaji ta daina sa takalman, ƙafa na iya komawa yadda take. Ɗaurin filasta aikin ƴan makonni ne, amma riƙe uwa da ɗanta shekara huɗu suna dawowa aikin tsari ne: rajista, lambar waya, takalma masu girma daban-daban a ajiye, da wanda zai kira in ba a ga uwa ba. Ƙwararren hannu kaɗai ba ya yin wannan.

Na huɗu shi ne iya magana a gaban manya. Ran da ake rabon kasafin asibiti, mai sashen tiyata zai zo da yawan waɗanda ya yi wa aiki, mai ɗakin haihuwa ta zo da nata lissafi. In kine ya zo hannu rabbana yana cewa "muna shan wahala", za a tausaya masa a wuce. In kuwa ya zo da takarda ya ce ga yawan waɗanda muka karɓa bana, ga waɗanda suka koma sana'a, ga waɗanda muka mayar gida saboda rashin filasta, ga abin da filastar za ta ci, to dole a saurare shi. Wannan shi ne babban abin da horon jagoranci ke yi wa ma'aikacin kansa. Yana fitar da shi daga ɗan ɗakinsa na bayan asibiti ya zaunar da shi a teburin da ake yanke shawara.

Na biyar shi ne riƙe ma'aikata. Aikin gyaran gaɓoɓi aiki ne mai cin jiki da zuciya. Ka yini kana ɗaga manya, kana lallashin wanda ya fid da rai da kansa. Matashin da ya fito makaranta aka jefa shi wurin da ba mai duba aikinsa, ba mai yaba masa, ba mai gyara masa kuskure, ba zai daɗe ba zai fara neman hanyar tafiya. Shugaban da ya san darajar zama da ma'aikatansa ko da rabin awa a mako, su duba majinyaci mai wuya tare, ya raba aiki da adalci, ya tura ƙarami ƙaro ilimi maimakon kullum shi ke tafiya, shi ne ke riƙe mutane ko da albashi bai taka kara ya karya ba.

Ba mu kaɗai ke wannan magana ba

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 2.4 a duniya, wato kamar mutum ɗaya cikin uku, suna da wata larura da aikin gyaran gaɓoɓi zai amfane su. Ta ce a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi ƙwararrun wannan fanni ba su kai 10 ba ga kowane mutum miliyan ɗaya. A shekarar 2017 ta yi kira na musamman ga ƙasashe su ƙarfafa wannan aiki kafin 2030, kuma ƙarfafa jagoranci yana sahun gaba cikin abubuwan da ta lissafa. A watan Mayu na 2023 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri a kan haka. A cikin jerin ƙwarewar da OMS ta ce ya kamata ma'aikacin wannan fanni ya mallaka, iya tafiyar da aiki da jagoranci sashe ne guda cikin biyar.

A nan gida ma an taɓa gwadawa. A shekarar 2016 aka fara wani shiri mai suna SUDA a Mali da Nijar da Senegal, wanda Handicap International ta gudanar tare da ƙungiyar kine ta duniya da kuɗin Amurka, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne ƙarfafa ƙungiyoyin masu aikin kine ta fuskar shugabanci da tafiyar da al'amuransu. Shirin ya yi wa'adinsa ya ƙare, kamar yadda kowane furoje ke ƙarewa. Ƙasarmu kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008. Takardu dai akwai su.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne abin da muka gani a 2025. A wannan shekara ƙungiyar agaji ta CICR, wadda ta daɗe tana tallafa wa wuraren ƙera ƙafar roba a ƙasar nan, ta rufe ofisoshinta bayan hukumomi sun nemi ta tafi. A shekarar dai Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Ban shiga siyasar waɗannan al'amura ba, ba ita ta kawo ni ba. Abin da nake cewa shi ne zanen aro ba ya rufe katara. Baƙo ya kawo roba da na'ura, in ya tashi tafiya zai bar na'urar, amma lissafi da tsari da sanin inda ake saro kaya suna cikin kansa da kwamfutarsa. In ba a riga an koya wa ɗan gida ba, na'ura za ta zauna ƙura ta rufe ta. Tunda muna maganar dogaro da kai, to ga inda ake gane ta.

Masu buƙata kuwa ƙaruwa suke yi. Alhamdu lillahi a 2020 an bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma yaran da cutar ta riga ta taɓa yau manya ne, suna buƙatar takalmin ƙarfe da keke har ƙarshen rayuwa. Babura sun cika garuruwanmu, hatsari kullum. Hawan jini da ciwon suga sun shiga gidajen talakawa. Ga waɗanda rashin tsaro ya raunata a Difa da Tilaberi da kan iyakarmu ta kudu. Mutanen ƙasa sun haura miliyan 25, ƙwararru kuwa ƴan kaɗan ne, yawancinsu a manyan birane. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram kusan 900. In ma'aikata kaɗan ne, to kowane guda dole ya zama mai koyar da wasu, mai tsara aikin wasu.

Masu ja da wannan magana

Na san wani zai ce: kuɗin da za a kashe wajen horo ba gara a sayo keken guragu da filasta ba? Amsata ita ce, wanda ya zuba kaya a shagon da ba a lissafi ya san inda kayan ke zuwa. A sayi kaya, amma a koya wa mai riƙon su.

Wani zai ce in an horar da su sai ƙungiyoyi masu zaman kansu su ɗauke su, ko su tafi waje. Wannan yana faruwa, ba a musu. Amma maganinsa shi ne a horar da mutum biyu ko uku a kowane wuri, shugaba da mataimakinsa da wani matashi, a kuma ba wanda aka horar ikon yin aiki da abin da ya koya. Abin da ke korar mutum shi ne ya dawo da ilimi a ce masa ya zauna yadda ya saba.

Magana ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma ina tare da masu yin ta. Mun gaji da taron ƙara wa juna sani na otal: kwana uku a ɗaki mai sanyi, a ci kaji, a karɓi kuɗin zama wanda ma'aikata ke kira perdiyam, a ɗauki hoto da takardar shaida, a dawo ba abin da ya canza. Irin wannan taron ne ya sa muka yi ta zuwa da Inna muna tarar da ƙofa a rufe. In wannan ake nufi da horo, to a bar shi.

Horon da nake nufi kaɗan-kaɗan ake yin sa, a kai a kai, kamar zubin adashe. Yawancinsa a wurin aiki za a yi shi, wani ta waya, tunda yau darasi na iya zuwa ta WhatsApp. Kowane mai koyo ya zaɓi matsala guda ta sashensa, misali dogon jira ko yankewar filasta, ya yi aiki a kanta wata shida, da wani babba mai duba shi. Kada a ɗauke kine guda ɗaya tilo na gari sai an tanadi mai tsare masa wuri. A sa mata a ciki, domin mace majinyaciya ta fi sakin jiki da mace, kuma Mata Masu Dubara sun riga sun nuna mana mata sun iya riƙo. A ƙarshe a auna da abin da kowa zai gane: awa nawa mutum ke jira, mutum nawa suka gama jinyarsu cikin waɗanda suka fara, kwana nawa aka yi babu kaya. In waɗannan ba su motsa ba, horon bai yi ba, ko da takardar shaidar tana da hatimin zinariya.

Kira

Ina kira ga ma'aikatar kiwon lafiya ta sa wannan horo cikin kasafinta na kowace shekara, kada a jira sai wani furoje ya zo, kuma kada a naɗa kowa shugaban sashe sai an shirya shi. Ina kira ga daraktocin asibitoci su ba masu gyaran gaɓoɓi kujera a wurin shawara. Ina kira ga ƙungiyoyin ma'aikatan su kansu, manya su ja ƙanana, wanda ya je ya koyo ya dawo ya zaunar da ƴan uwansa. Gemu ba ya hana ilimi. A kuma jawo ƙungiyoyin naƙasassu cikin masu koyarwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wuraren da suka daɗe a wannan aiki, irin su Danja kusa da Maraɗi da Galmi a jihar Tawa, suna da abin da za a koya daga gare su.

Ku kuma alhazai da hajiyoyin kasuwa, kuna da rawar takawa. Da yawanku kuna raba keken guragu da azumi, Allah ya saka da alheri. Amma ƙungiyar ƴan kasuwa guda za ta iya ɗaukar nauyin karatun ma'aikaci ɗaya na jiharta, ko ta saya wa sashe rajista da katuna da kuɗin waya na shekara, abin da bai kai ribar mota guda ta kaya ba. Wanda ya iya lissafin sito zai iya ba da yini guda ya nuna wa mai ƙera ƙafar roba yadda ake riƙe littafin shiga da fita. Wannan ma sadaka ce mai gudana.

In kuma Allah ya jarrabe ku da majinyaci, kada ku ji nauyin tambaya. Ku ce wa ma'aikaci: Malam, wace rana da wace awa za mu dawo? Me za mu riƙa yi masa a gida, a nuna mana da hannu? In ba ka nan wa za mu gani? Zuwa nawa ake sa ran za mu yi? Ku yi tambayar cikin ladabi, domin shi ma yawanci a matse yake. Wurin da ake da tsari zai ba ku amsa nan take. Wurin da ba a da shi, yawan tambayarku zai sa a fara tunani. Kuma kada ku yanke zuwa don kun ga sauƙi bai zo da wuri ba, irin kuskuren da muka yi.

Yau da safe na biya ta wurin teburin Inna. Wata ce daban ke zaune a wurin, tana sayar da nata ƙulin. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya kuma ba shugabanninmu ikon jin wannan kira. Amin.